Damunar Dodon Koɗi

Gidan da muka fara zama bayan aurena yana Nasarawa ne, a Birnin Kebbi, wajen da unguwar ta ɗan gangara. Gidan haya ne mai ɗaki biyu da falo, sai wani ɗaki guda kusa da ƙofar shiga inda muke sauke baƙi. Tsakanin ɗakin baƙin da famfo akwai wani ɗan tsirin ƙasa da ba a shafe da siminti ba, tsawonsa bai wuce tabarma biyu ba. Mai gidan ya ce siminti ne ya ƙare wa magina a daidai nan. Ni kuwa tun ranar da na gan shi na san abin da zan yi da shi.

A lokacin ina koyarwa a wata makarantar firamare. Wata abokiyar aikina ta tsinko mini wani fure mai rarrafe, mai ganye kamar ƙwayar shinkafa, wanda ba ya buɗewa sai hantsi ya ɗaga, kafin azahar kuma ya rufe. 'Yar ƙarfe goma muke ce masa. Ta ƙara mini da irin wani dogon fure mai launin ƙwaiduwa a cikin ambulan, wanda har yau ban san sunansa ba. Daga gidanmu kuma na ciro ɗan dashen lalle na kafa a kusurwa. Maigidana yakan tsaya da safe yana saka takalmi, ya dube su ya ce, "Yaushe za mu hwara cin miyar?" Ban taɓa kula shi ba.

Damunar farko lafiya lau. A ta biyu ne aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, bangon gidan ya jiƙe ya yi kore, ƙasar ba ta bushewa. Sai na fara tashi da safe ina tarar da ganye duk ɓula. Sabon tsiro kuwa a gindi ake datse shi. A jikin bango da kan siminti akwai wani sawu mai ƙyalli, kamar an ja zaren yauƙi ya bushe. Ranar da na ɗaga wani fasasshen tulu da ke jingine a bayan famfo, sai da na ja da baya. Dodon koɗi ne ƙanana sun yi cincirindo, a cikinsu kuma akwai wasu da ba su da ƙoƙon ko kaɗan, tsirara suke, masu launin toka, suna miƙewa suna tsukewa. Ranar ko abincin kirki ban ci ba.

Maƙwabciyata ta ce gishiri ne maganinsu. Na gwada a kan guda, ya narke a gabana. Daɗi ya kama ni, na ɗauki gishirin miya na bi gindin kowane fure na barbaɗa, washegari na ƙara. Kafin mako ya zagayo ganyen ya fara yin rawaya, bakinsa ya ƙone, dogayen furannin suka sunkuyar da kai. Dodon koɗin ma bai fasa zuwa ba.

A cikin wannan makon aka kawo surukina.

Baba manomin shinkafa ne da albasa a Argungu, dogo, mara yawan magana. Yanar ido ta rufe masa idanu duka biyu, shekara biyu 'ya'yansa suna fama da shi ya zo a yi masa aiki yana cewa sai an gama girbi, in an gama girbi ya ce sai an gama dashe. Sai da ya tuge shinkafa rabin layi yana zaton ciyawa ce, sannan ya yarda. Aka yi aikin a Birnin Kebbi. Likita ya ce ya zauna kusa na wasu makonni, kada ya sunkuya, kada ya ɗauki abu mai nauyi, kada hayaƙi ya shiga idon. Aka sauke shi a ɗakin baƙi.

Tsakanina da shi sai kunya, kamar yadda aka saba. Maganar da muka yi tun aurena ba ta cika ludayi ba. In durƙusa a bakin ƙofa in gaishe shi, ya ce, "Lahiya lau, Malama, Allah shi yi albarka," in ajiye kwano in tashi. Ga shi an yi hutun makaranta, maigidana yana fita ofis tun safe, gidan ya rage daga ni sai shi. Na riƙa bin gefen bango kamar baƙuwa.

Da aka cire masa auduga, sai ya fara fitowa yana zama a kan farar kujerar roba a ƙofar ɗakinsa, da baƙin tabarau, da sanda a tsakanin ƙafafunsa. Ba abin da ke gabansa sai tsirin ƙasar nan. Kwana biyu yana kallonsa. A na uku na zo wucewa da bokiti, sai na ji ya ce, "Malama."

Na ajiye bokitin na durƙusa.

"Wagga shuka taki ta?"

"Awo, Baba."

"Mi ka cinta?"

Na gaya masa. Ya gyaɗa kai, ya ce ya ga sawunsu a bango, ya san aikinsu a wurin renon albasa. "Amma ba su ɗai na ba. Ɗebo mani ƙasar gindinta."

Na ɗebo a tafin hannu na miƙa masa da hannu biyu. Ya murza, ya shinshina, sannan ya ɗan taɓa a harshe. Ya tofar a gefe.

"Gishiri."

Na sunkuyar da kai.

"Wa yab ba ki wagga dabara?"

"Maƙwabciya ta, Baba."

"Tana da gona?"

"A'a."

"To."

Wannan "to" ɗin ya fi mini zafi a kan faɗa. Sannan ya tambaye ni me ake ci a jikin shukar, ganye ko 'ya'ya. Na ce ba a cin komai, kallo ake yi.

"Kallo," ya maimaita, kamar kalmar baƙuwa ce a bakinsa. Ya juya sandarsa. "To, ko mi na ne, mai rai na. Tunda kin aza shi ga ƙasa, hakkinshi na bisa kanki. Kuna da hauya gidan ga?"

Ba mu da ita. Na aro. Ranar na yi aikin da ban taɓa yi ba. Yana zaune yana nuni da sanda, ni ina kankare ƙasar sama, kaurin yatsa huɗu, ina kwashewa ina zubarwa a waje. Ya sa na kwarara ruwa ya wanke abin da ya rage, na zubo sabuwar ƙasa da tsohon taki. Ya sa na kwashe fasasshen tulun, da guntayen bulo, da wani tsohon turmi da muka tarar a gidan, ya ce nan ne masaukinsu da rana. Ina aikin ne da hijabi har ƙasa, yana ta jan laka, ina takawa ina tuntuɓe. Can ya ce, "Ɗaure shi ga ƙugu, Malama. Aiki akai, ba gaisuwar sarki ba."

Da yamma ya sa aka kira masa ƙanin maigidana a waya, ya ce a aiko da buhu guda a motar haya. Washegari maigidana ya je tasha ya karɓo da murnarsa, a zatonsa shinkafa ce, sai dai ya yi mamakin rashin nauyinta. Da aka kwance sai ga ɓuntu, ɓawon shinkafar da ake zubarwa a wurin casa. Ya dubi buhun, ya dubi mahaifinsa.

Baba ya ce a ƙona rabi. Tunda hayaƙi haramun ne gare shi, sai ya shige ɗaki ya rufe ƙofa, yana ba ni umarni ta taga. "Kak ki bari shi kama da harshe! Shi ci sannu-sannu!" Da tokar ta huce na gauraya ta da ɗanyen ɓuntun, na zagaye wurin da ita, faɗin tafin hannu. Ya ce cikin dodon koɗi laushi gare shi, ba ya son taka abu mai kaushi da bushewa.

Kwana biyu ba a taɓa ganye ko guda ba. A na uku aka yi ruwa ya wanke tokar tas.

"A sake," in ji Baba.

Na sake. Bayan kwana biyu aka kuma yin ruwa. Na tsaya a kan wurin da kwano a hannu, raina a ɓace, na ce a hankali, ban ma yi zaton zai ji ba, "Wanga abu ba shi ƙarewa?"

"Shi na noma," ya ce. "Da yana ƙarewa da mun daɗe da hutawa."

Sai ya koya mini tarko. Kafin magariba in jiƙa tsohon buhu in shimfiɗa a gefen famfo, in ajiye ɓawon kankana a ƙarƙashi. Da gari ya waye in ɗaga. Safiyar farko da na ɗaga, sun lulluɓe ɓawon har ba a ganin jansa. Ya ce in tsince su in zuba a gwangwani. Na kasa sa hannu. Na ciro tsinken tsintsiya biyu ina ƙoƙarin kama su, suna sulɓewa, ina tsalle ina salati. Sai na ji wani sauti a bayana. Na waiga, na ga Baba ya rufe baki da hannun riga, kafaɗunsa suna rawa. Ban taɓa jin dariyarsa ba sai ranar. Ni ma ban san lokacin da tawa ta kuɓuce ba.

Na ce zan zuba musu gishiri a cikin gwangwanin. Ya ce a'a, ba sai an azabtar da su ba, abinci suka zo nema. Ya tambaya ko akwai mai agwagi a unguwar. Akwai, maƙwabciyar nan tawa mai shawarar gishiri. Ba a yi kwana biyar ba agwaginta suka gane, kullum da sassafe suna ƙofar gidanmu suna jira, suna kaɗa wutsiya.

Haka muka shiga wani irin zama. Bayan ya dawo masallaci da asuba, ɗansa ya rako shi, yakan zauna a kujerarsa har gari ya yi haske. In fito, in gaishe shi, mu duba tarko, ya tambaye ni ko an yi yawa kamar jiya. Daga nan magana takan zarce. Ya ba ni labarin yadda ake gane ruwa zai yi yawa a fadama tun kafin ya zo, da shekarar da suka yanki shinkafa a cikin kwalekwale. Ni kuma in ba shi labarin 'yan ajina. Ba na zama a gabansa, a tsugune nake ko ina aiki, amma dai muna hira.

Wata safiya na makara. A kwanakin nan ina fama da tashin zuciya da kasala, na san dalili, amma ban gaya wa kowa ba sai maigidana. Shi kuma ya shiga wanka. Da na fito sai na hango kujerar ba kowa. Baba yana tsugune a gefen famfo, kansa a ƙasa, tabarau a aljihu, ya ɗaga buhun yana tsintar su da hannu ɗaya bayan ɗaya.

"Baba!"

Ban taɓa ɗaga murya a gabansa haka ba. Ya miƙe da sauri yana goge hannu a riga, kamar yaron da aka kama a bakin tukunya. Ya dubi ƙofar banɗaki.

"Kak ki hwaɗa mai."

Ban san inda na samo ƙarfin hali ba. Na riga na lura cewa maganin ɗigawa a ido na rana ba ya raguwa, don ɗansa ne ke sa masa na safe da na yamma, na rana an bar masa ya sa da kansa, shi kuma ya tsani abin. Na ce, "Ba ni hwaɗi, Baba. Amma maganin rana ni za ni riƙa ɗiga maka."

Ya dube ni na ɗan lokaci da idon nan nasa sabo, ja-ja da shi. "Kin iya ciniki," ya ce. Ya koma kujerarsa.

Da azahar na wanke hannu na zo da kwalbar. Ya ɗaga kai, na riƙe fatar idonsa da yatsana, ɗigon farko ya sauka a kumatunsa. Na samu na biyu ya shiga. Da na juya zan tafi na sunkuya zan ɗauki bokitin da na bari a bakin famfo, sai ya ce, "Ɗiyata, aje shi. Daga yau kak ki ƙara ɗaukar bokiti cike." Kunya ta rufe ni, na shige ɗaki ban waiga ba. Ashe ba ganye kaɗai yake kallo daga kujerar nan ba.

Sai ya zamana mu biyu ne masu lambun, kuma dukkanmu an hana mu aiki. Baba ya warware matsalar da kansa. Washegari maigidana ya fito da kayan ofis, ya goge takalmi, mahaifinsa ya nuna masa buhu da sanda. Maigidana ya naɗe hannun riga ya tsuguna. Har ƙarshen damunar shi ke ɗaga tarko, shi ke kai wa agwagi, shi ke zuba toka in an yi ruwa, mu biyu muna tsaye a kansa muna gyara masa.

Ba duka furannin suka rayu ba. Dogayen nan fiye da rabi sun tafi, gishirin ya riga ya kai saiwa. Amma 'yar ƙarfe goma ta farfaɗo ta mamaye wurin, ja da rawaya da fari. Baba yakan jira buɗewarta kamar mai jiran baƙo. In na wuce ya ce, "Sun tashi," ko ya ce, "Yau da hadari, sun ƙi hitowa."

Lallen ma ya yi fure a karon farko. Wata rana bayan la'asar iska ta kaɗo ƙamshinsa, Baba ya rage muryar rediyonsa. Ina wanke-wanke a bakin famfo. Ban taɓa jin ya ambaci mahaifiyar maigidana ba, wadda ta rasu tun kafin a san da ni. Ranar ya ce tana da lalle a bayan ɗakinta, takan tsinki furen ta zuba a cikin akwatin tufafinta.

"Ni ban taɓa tsayawa na dibe shi ba," ya ce. "Ƙamshin ɗai nis sani. Bayan ta rasu nis sa anka sare shi, muna son wurin aje albasa." Ya dubi lallen. "Ashe haka huren yake. Ƙanana."

Na tsinko reshe ɗaya na ajiye a hannun kujerarsa, na koma kan kwanukana.

Da likita ya sallame shi, ko kwana guda bai yarda ya ƙara ba, lokacin renon albasa ya ƙarato. Da safen da zai tafi an gama sa kayansa a mota, sai ya tsaya yana gyara hula, ya ce ko zan ɗan tsinko masa 'yar ƙarfe goman nan. "Ba don ni ba. Yaran gida na, su gani." Na cika masa gwangwanin madara da ƙasa na dasa. Bai bari an sa a bayan mota ba, a cinyarsa ya riƙe.

Gidan ya yi mini faɗi bayan tafiyarsa. Nakan fito da safe in kusa gaida kujerar.

Sai da albasa ta kusa cira muka je Argungu, cikina ya tsufa. Matan gidan suka ce in zauna in huta, Baba ya ce a'a, sai an kai ni fadama. Aka samo mota ta kai mu har inda hanya ta ƙare. Ban taɓa ganin gonarsa ba. Fangali ne bayan fangali, kore shar har bakin gulbi, injin ban ruwa yana ta kuka. A kan kunyar da ke kusa da injin, inda ruwa ke ɗiga, 'yar ƙarfe goma ta bazu ta fi tawa yawa, duk ta buɗe.

Wani dattijo maƙwabcin gonarsa ya taho yana dariya, ya gaishe ni ya ce, "Ke ta malamar? Tun da anka gyara mai ido ya koma noman kallo. Mun ce shi kai kasuwa mu ga nawa za a taya."

"Kai dai ji da tsutsar da ta cinye maka yaɓanya," in ji Baba. Suka yi ta yi wa juna tsiya.

Sannan ya ce in zo in ga wani abu. A can ƙarshen gonar akwai albasar da ya bari don iri. Ta yi dogayen kara har ƙuguna, kowanne da farin dunƙulen fure a kansa, ɗaruruwa, ƙudan zuma suna ta shawagi har ana jin gunjinsu. Na tsaya ina kallo. Ya ce tun yana yaro yake barin iri duk shekara, abin da yake dubawa kawai ko ƙwayar ta yi baƙi. Bana ne ya fara zuwa da safe ya tsaya haka nan.

Shekara shida ya ƙara a duniya. Mun bar gidan Nasarawa da daɗewa, na ji ma an shafe tsirin ƙasar da siminti. Na koma fadamar nan sau da yawa, da goyo da kuma yara a hannu, amma in na tuna shi, komawarmu mota a ranar farkon nan nake gani. Kunyar gonar siririya ce, an yi ban ruwa da safe, ga ni da nauyi. Ya hana ɗansa ya wuce gaba. Shi ya shiga gabana, yana dafa ƙasa da sanda kafin kowane taku, yana magana ba tare da ya waiwayo ba.

"Taka nan, ɗiyata. Nan da santsi. Yawwa. Taka nan."